Tsayawar Jafi A Kan Ruwa

Kowa ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya san jafi. Mahaya su sako dawaki a sukwane, kai ka ce ta kan sarki za su bi, sai sun zo dab da shi su ja linzami, dawaki su toƙare ƙasa su tsaya cak, ƙura ta turnuƙe, jama'a su ɗauki sowa. To, ashe akwai irin wannan wasa a kan ruwa. Da wani ɗan ƙaramin jirgi a ke yinsa, mai injin jet, wanda zan riƙa kira jirgin tsartuwa, gama ruwa ya ke tsartarwa ta baya shi kuwa ya cilla gaba. Matuƙi ya taho da shi a guje, farat ɗaya ya juya shi ya kewaya kansa kamar katantanwa, ko kuwa ya tsai da shi nan take, goshinsa ya nutse, ruwa ya tashi sama ya rufe kowa.

Yanzu da ya ke kusan kowane saurayi yana da waya a aljihu, hotunan wannan wasa sun game ko'ina, kuma ga ƙanen jirgin nan, watau babur ɗin ruwa, ana hawansa a Ikko da tafkin Jabi na Abuja. Waɗansu suna cewa wasan hauka ne, a hana shi ƙwata-ƙwata. Waɗansu kuwa suna cewa mai abu da abinsa, kowa ya sayi jirgi ya yi yadda ya ga dama. Ni ban bi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da na ke gani shi ne, tilas duk mai tuƙa jirgin nan ya koyi tsayawar gaggawa har ta zama masa jiki, amma wanda ya yi ta da mutane a ciki don a ce ya iya, ba su kuwa sani ba, ba su shirya ba, ya ci amanarsu. Ga dalilaina.

Sai mun san asalin abu kafin mu yanke masa hukunci. A ƙasar Niyu Zilan aka gyara jirgin nan har ya zama abin amfani. Wani manomi mai kiwon tumaki, William Hamilton, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1978, yana zaune a wata gona mai suna Irishman Creek a tsibirin kudu na ƙasar. Kogunan wajen suna gangarowa daga duwatsu da sauri, su bazu cikin tsakuwa rassa-rassa, wani wuri ruwan bai kai idon sawu ba. Jirgi mai farfela a waje ba ya bin irin wannan kogi, gama farfela tana rataye ƙarƙashin jirgi, dutse na farko zai karya ta. Cikin 1954 Hamilton ya sami dabara. Ya sa famfo cikin jirgi yana zuƙo ruwa ta wata kafa a ƙasa, ya kuma fid da bakin bututun ta baya, sama da fuskar ruwa, yadda ba sauran wani ƙarfe da ke leƙowa ƙarƙashin jirgin. Da wannan jirgin ya iya gudu bisa ruwan da bai wuce inci kaɗan ba.

Ba don wasa aka yi shi ba, don a kai inda ba a iya kaiwa ne. A 1960 ɗansa Jon Hamilton yana cikin waɗanda suka hau kogin Kolorado na Amurka ta cikin babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, suna tunkarar ruwa, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. A 1977 Edmund Hillary, wanda ya hau ƙololuwar dutsen Everest a 1953 tare da Tenzing Norgay, ya bi kogin Ganga na Indiya da irin jiragen nan tun daga bakin teku har cikin duwatsu. Wasan juyi da tsayawa daga baya ya zo, kamar yadda doki ya fara zama abin tafiya da yaƙi kafin ya zama abin ado.

Yanzu bari mu dubi yadda ya ke aiki, don a nan maganar duka ta rataya. Cikin bututun akwai farfela mai juyawa da sauri ƙwarai. Tana zuƙo ruwa ta ƙasa, ta matsa shi ta ƙaramin baki, ya fita da ƙarfi ta baya. Malaman kimiyya sun san ƙa'idar Isaac Newton ta uku, watau in ka tura abu, shi ma yana turinka daidai da yadda ka tura shi. Jirgi ya tura ruwa baya, ruwa ya tura jirgi gaba, shi ke nan. Amma ga inda ya bambanta da sauran jirage. Ba shi da allon nan na baya da a ke karkata jirgi da shi. In matuƙi ya murɗa sitiyari, bakin bututun ne ya ke karkata, tsartuwar ruwa ta ture gindin jirgi gefe guda. Ka ga ke nan, in babu tsartuwa babu juyawa.

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbin matuƙa. Mutumin da ya saba da mota, in ya ga haɗari gabansa, abin da zai fara yi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur sa'an nan ya kauce. A jirgin tsartuwa in ya yi haka ya kashe kansa da kansa, gama da ya saki totur tsartuwa ta mutu, ya yi ta murɗa sitiyari a banza, jirgi kuwa ya miƙe sak ya nufi abin da a ke gudu. Wanda ya ke so ya kauce wa dutse, sai ya murɗa ya kuma ƙara wuta, alhali zuciyarsa tana ce masa ya rage. Hukumar binciken haɗarin sufuri ta Amurka ta ja hankalin jama'a ga wannan aibu a 1998, sa'ad da ta yi bincike kan baburan ruwa. Masu ƙera su sun yi gyare-gyare tun daga lokacin, har kamfanin Sea-Doo ya fito da babur mai birki a 2009, amma tsofaffin jirage suna nan kan ruwa, ƙa'idar kuwa ba ta sāke ba.

Birki fa? Jirgin ruwa ba shi da taya balle a matse ta. Abin da jirgin tsartuwa ya ke da shi wani ƙoƙon ƙarfe ne a bayan bakin bututu, masu aikin suna ce masa bokiti. In an sauko da shi ya tare tsartuwar, ya mai da ita gaba ta ƙarƙashin jirgi. Da shi a ke yin ribas. In an sauko da shi rabi, rabin ruwa ya tafi gaba rabi baya, jirgi ya tsaya wuri guda injin yana aiki. To, in matuƙi yana cikin gudu ya sauko da bokitin nan gaba ɗaya ya kuma ba da wuta, duk ƙarfin injin ya koma turin jirgi baya. Jirgin da aka ƙera don haka yana iya tsayawa cikin tazarar da ba ta fi tsawonsa biyu ko uku ba. Wannan ita ce tsayawar da na kira ta jafi.

Mu malamai ne, saboda haka mu yi lissafi. A ce jirgi mai tsawon ƙafa 16 yana gudun mil 30 cikin sa'a, watau ƙafa 44 cikin daƙiƙa guda, aka tsai da shi cikin tsawonsa biyu, ƙafa 32. Kowa ya buga lissafin zai tarar ƙarfin da zai fizgi fasinja gaba ya yi kusa da nauyin jikinsa duka. Mutum mai laba 140 zai ji kamar an ingiza shi da laba 130. In yana zaune ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya toƙare ƙafafunsa, ya kuwa san abin na zuwa, zai jure har ya yi dariya. In ya waiwaya yana magana da na bayansa, ko yana tsaye, ko mace ce riƙe da jariri, to, fuskarsa da gilashin gaba ne, ko kuwa ya tsinci kansa cikin ruwa gaban jirgin da bai gama tsayawa ba. Kada kuma a manta, in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin nan ninkuwa ya ke sau huɗu, muddin tazarar tsayawa ba ta ƙaru ba. Jirgi ya tsaya, amma mutum ba a ɗaure ya ke da jirgi ba.

Ba nan abin ya ƙare ba. Sa'ad da aka sauko da bokiti, gindin jirgi ya kan ɗaga, goshi ya duƙa. In jirgin mai buɗaɗɗen goshi ne, da kujeru a gaba, ko kuwa an tara mutane can, sai goshi ya soke cikin ruwa ya kamfato shi kamar ludayi. Galan guda na ruwa laba 10 ne, garwa guda laba 40. Garwa 10 kaɗai in ta shigo, kamar an ƙara ƙarti uku ne a goshin jirgi cikin ƙiftawar ido, garwa 10 kuwa ba komi ba ce ga igiyar ruwa guda. Sa'an nan igiyar da jirgin ya taso da ita tana biye da shi a baya, shi ya tsaya ita ba ta tsaya ba, ta zo ta bugi gindinsa, wani sa'i ta haura ciki ta jiƙa inji. Har wa yau ba kowane bokiti aka yi don wannan aiki ba. Akwai ƙananan jirage na shaƙatawa da littafin da ya zo da su ya gargaɗi mai shi ƙarara kada ya yi birki da ribas yana cikin gudu, domin jirgi na iya ƙwacewa, ko a zub da mutane, ko ƙarfen da ke riƙe da bokitin ya lalace. Mutum nawa ne cikin masu sayen tsohon jirgi suka taɓa ganin littafin nan, balle su karanta?

Juyin katantanwa, wanda a ke kira da sunan Hamilton, shi ma haka ne. Matuƙi ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya saki totur, jirgi da ya ke ba shi da abin da ya kafe cikin ruwa sai gindinsa ya sulɓe ya kewayo. A ruwa mai laushi abin sha'awa ne. Amma in gefen jirgi ya ci karo da igiya ko tudun rairayi yana cikin sulɓin nan, sai ya kafe farat ɗaya, mutane su ci gaba da tafiya su bar shi, ko ya kife da su.

To, mai karatu zai ce, ai ka gama ba masu cewa a hana gaskiya. A'a, da sauran magana. Mu ɗauka yaro ya faɗo daga kwalekwale gaban jirgin tsartuwa, ko masunci ya ɓullo daga bayan ciyawa. Matuƙi yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wanda bai taɓa sauko da bokiti cikin gudu ba, ba a ranar nan zai koya ba. Hannunsa zai sandare, ko ya saki totur ya miƙe kan yaron, ko ya fizgi bokiti da dukan ƙarfi ya nutsad da goshi. Wanda kuwa ya yi ta sau ɗari a wurin da ba kowa, ya fara da ƙaramin gudu yana ƙarawa, ya san iyakar abin da jirginsa ke ɗauka, hannunsa zai yi aikin tun kafin kansa ya gama tunani. In an hana koyon tsayawar gaggawa, an hana abin da zai ceci yaron nan ke nan. Mahayin da ya iya jafi, shi ne kuma wanda dokinsa ba ya take ɗan da ya ruga cikin hanya.

Saboda haka gardamar ba a kan motsin hannu ta ke ba, gama motsin ɗaya ne ko a wajen ceto ko a wajen wasa. A kan wuri ta ke, da lokaci, da waɗanda ke cikin jirgi. Mu dubi yadda masu abin su ke yi a ƙasarsu. A kogin Shotover, kusa da garin Queenstown, tun wajen 1965 a ke ɗaukar baƙi a jiragen tsartuwa ta cikin wani matsattsen kwazazzabo, ana wucewa dab da duwatsu, ana juyin katantanwa. Wanda ya ga hoton sai ya ce ganganci ne tsantsa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, wannan yanki na kogin ba kowa ke shiga da jirgi ba sai da izini, don kada a yi karo. Matuƙi sai ya yi horo mai tsawo a kogin nan kansa, ya san kowane dutse, doka kuma ta wajabta masa lasin. Kowane fasinja yana sanye da rigar ceto, yana zaune, ga ƙarfen riƙewa gabansa. Kafin juyi matuƙi ya kan ɗaga hannu ya kewaya yatsa sama, kowa ya gani ya ƙanƙame. Su kuwa baƙin, don juyin suka biya kuɗi, sun san abin da suka saya.

Haka kuma tseren jiragen nan da aka soma a Niyu Zilan wajen 1981. Cikin magudanai marasa zurfi a ke yinsa, jirgi ɗaya-ɗaya ya ke shiga ana duba agogo, mutum biyu ne a ciki, matuƙi da mai nuna hanya, suna da hular kwano, an ɗaure su da ɗamara, ga kejin ƙarfe bisa kansu saboda ranar kifewa. Su da suka fi kowa iyawa, su ne suka fi kowa shiri. Saurayin da ya ari jirgi ran hutu, ya cika shi da abokai, ya nufi bakin gaɓa inda mata da yara ke kallo don ya watsa musu ruwa, ya kwaikwayi daƙiƙa 10 na hoton ne, ya bar duk abin da ke bayan hoton. Karambanin akuya ke nan, gai da kura. Mun san irinsa a tudu, masu wasa da mota da babur ran ɗaurin aure, mun kuwa san gidajen da biki ya koma zaman makoki.

Akwai wata hujja da a kan kawo, ba na kuwa raina ta. A kan ce saurayi ba ya zama jarumi sai ya taɓa haɗari, in an rufe masa wannan ƙofa zai nemi wadda ta fi ta muni. Gaskiya ne samari suna son abin da ke sa gaba faɗuwa, mu da ke shirin zama da su cikin aji tilas mu san haka. Amma haɗarin wa ya ke taɓawa? In ransa kaɗai ya ɗauka ya tafi inda ba kowa, sanye da rigar ceto, da wani jirgi na tsaye kusa, ni ba ni da ta cewa sai fatan alheri. Wanda ya zauna bayansa yana tsammanin yawon shan iska ne, ba a tambaye shi ba. Mai wanka a bakin ruwa ba a tambaye shi ba. Masunci da igiyar jirgi za ta kifar masa da kwalekwale da kifin yini guda, shi ma ba wanda ya nemi yardarsa. Jarumtar da a ke yi da wuyan wani, arha gare ta.

Ruwayenmu kuma ba irin na Niyu Zilan ba ne, wannan ma abin lura ne. Nasu garau su ke, matuƙi yana hango tsakuwar ƙasa. Namu da yawa jajaye ne ko baƙaƙe, ba ka ganin kututture ko komar masunci sai ka hau kai. Ga kainuwa, ga ciyawar nan da ta kan rufe ruwan Ikko, ga leda. Kafar da ke zuƙo ruwa tana da raga, leda guda in ta manne mata sai tsartuwa ta yi rauni, tsartuwa kuwa ita ce sitiyari, ita ce birki. Watau mutum yana iya sauko da bokiti daidai yadda aka koya masa, ya tarar ba abin da bokitin zai tare. Kafar nan kuma tana jan duk abin da ya kusance ta, igiya ko gashi ko bakin mayafi, don haka ba a barin inji yana aiki in akwai mutum cikin ruwa kusa da gindin jirgi. A kan Kwara da Binuwai kuwa mun sha ganin yadda ruwa ke cin jama'a da yawa rana guda saboda lodi ya yi yawa kuma ba rigar ceto, kamar haɗarin Patigi na Yunin 2023 da ya ci fiye da mutum 100 suna komowa daga biki. Ba jirgin tsartuwa ba ne wancan, amma mutanen da ba su riga sun saba da rigar ceto ba, bai kamata a fara koya musu juyin katantanwa ba.

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, me ya kawo wannan magana cikin mujallarmu? Wata rana ɗayanmu zai kai yara 30 yawon buɗe ido bakin tafki, mai jirgi ya zo yana murmushi ya ce a kawo su ya zaga da su. Yaran za su yi ta roƙo, iyayensu ba sa nan, malam ne uba a ranar. Kafin yaro guda ya sa ƙafa, malam ya ƙirga rigunan ceto ya ga sun kai, kuma daidai jikin yara su ke, ba na manya ba da yaro zai zame ta ciki. Ya duba ko matuƙi ya ɗaura igiyar nan mai kashe inji a hannunsa, wadda in ya faɗa ruwa jirgi ba zai ci gaba shi kaɗai ba. Sa'an nan ya gaya masa a gaban yaran, da murya sosai, ba juyi, ba tsayawar gaggawa sai in ta kama dole. In mai jirgi ya yi dariya ya ce ai malam tsoro ya ke ji, to, malam ya sami amsar da ya ke nema, ya kwashi yaransa.

In an komo makaranta kuwa, ga darasin kimiyya ya samu a arha. A hura balan-balan a ɗaura shi bisa ɓawon rake ko guntun katako mara nauyi, bakinsa yana duban baya, a sa cikin daro a saki, yara su ga tsartuwa tana tura shi. A lanƙwasa bakin gefe guda su ga ya kewaya. Sa'an nan a ɗora tsakuwa bisa faifai, a ja faifan da sauri a tsai da shi farat ɗaya, a tambayi aji ina tsakuwar ta nufa.